Kwalabe Tara a Gindin Randa

Muttaka ɗan unguwar Sheshe ne, jikan maƙera. Yana goye uwarsa ta rasu, Gwaggo Talatu, ƙanwar babansa, ta raine shi. Shekarar da soja suka koma bariki ya shiga sakandare, ana ta murna wai yanzu mai ilimi zai ji daɗi. Uhm!

Ya kai talatin da huɗu yana fama da digiri na uku. Aikinsa a jami'a shi ne ya gasa ƙarfen nikel da fosfaras har su zama baƙin gari kamar kwalli. In aka shafa garin a jikin ƙarfe, aka tsoma a ruwa, aka ba shi lantarki, sai ruwan ya saki iskar haidurojin, makamashin da ke ci ba hayaƙi. Shekara biyar ana ɗauke masa wuta a tsakiyar gashi kafin ya samu kwalba tara masu kyau. Saura gwajin ƙarshe kawai.

Sai yajin aiki, za a garƙame ɗakin gwaji. Garin ba ya son iska, ba ya son zafi. Ya liƙe kwalaben da kakin zuma, kowace da sunansa da bayanin gwaji a jiki, ya sa a tukunya, ya kawo gida ya binne a gindin randa. Bai gaya wa kowa ba, wa zai gane?

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da Gwaggo fuska wasai.

"Zauna, ɗana. Allah Ya tona asirin maƙiya! Na ɗaga randa zan sake mata yashi, sai ga tukunya a binne. Baƙin gari, wani irin rubutu, ga sunanka ɓaro-ɓaro a jiki. Ashe sammu aka yi maka, ba aure, karatu ya ƙi ƙarewa!"

"Gwaggo, ina suke?"

"Na farfasa, na zazzage a kwata, na bi da ruwa bokiti uku."

Ya dubi kwatar, ya dubi tsohuwar tana hawayen farin ciki. Wallahi abin da ciwo.

"Sannu da aiki, Gwaggo," in ji shi.

Ko da aka buɗe jami'a, lokacin da aka ɗiba masa na kammala karatun saura wata biyu. Bai koma ba. Yanzu yana zuga wuta a maƙerar kawunsa Isyaku. Gwaggo kuwa har yau tana ba maƙwabta labarin ranar da ta ceto ɗanta.