Sunan Injiniya a Kan Kowane Shafi

Ni ne mutumin da ya kusa kashe aikin shekara biyu da niyyar taimako. Gara in faɗa da bakina, domin waɗanda suka san labarin suna nan da ransu, kuma ba sa rage min komai idan suna ba da shi.

Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma na daɗe ina masinja a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, har na iya gane sunan kowane ofisa a bayan fayil kamar yadda ake gane tafiyar maƙwabci daga nesa. Abin da ke cikin takarda ba na iya karanta shi, suna kuwa ba ya ɓace min. Wannan ɗan guntun ilimin shi ya ja min.

Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa ba, kuɗi ya shigo gari, wayar hannu ta shiga aljihun kowa. In ka taso daga Karu da safe ka ga fili, da yamma sai ka tarar an kafa ginshiƙi. A sashenmu akwai wata matashiyar injiniya mai ƙarancin magana. Ni ina ce mata Injiniya, ita tana ce min Baba. Tana rubuta wata takarda ce a kan motocin aiki, irin su katafila da gireda, waɗanda ake sayowa sababbi fil su mutu a yadi saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya da ba a ɗora wa kowa alhakin canza shi ba. Ta yi ta zuwa Apo wajen makanikai tana tambayar yadda oga ke raba aiki da yadda ake sanin wanda ya taɓa mota ƙarshe. Ni nake raka ta, don makanikan ba sa sakin baki sai na fara tsokanarsu sun rama.

Takardar za ta je wata mujallar masana ce a wata jami'a. In an buga ta, za a duba ƙarin girman Injiniya a wannan shekarar. In ta wuce ranar Juma'ar da aka tsayar, sai baɗi.

Masu mujallar sun aiko da ƙa'idojinsu, ni kuwa ban taɓa ganin mutum ya bi ƙa'ida kamar yarinyar nan ba. Da rula take auna farin da ake bari a gefen shafi, kamar tela yana auna wuyan riga. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ma da awonta. Jadawali sunansa a sama, hoto sunansa a ƙasa, in suka yi musaya an yi laifi. A ƙarshe kuma akwai jerin mutanen da ta ɗebi magana a littattafansu, an jera su bisa harafi, ba ruwan jerin da babba ko yaro. Na ce mata wannan rashin ladabi ne, a sa farfesa mai furfura a bayan ɗalibi. Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ba a faɗa a kai. Wata rana na gan ta ta sake shafi guda saboda ɗigo ɗaya. Na ce a raina, da haka ake gina gadojin ƙasar nan da ba mu binne mutane da yawa ba.

Ranar Laraba injin buga takardu na ofis ya mutu, shi ma saboda ƙaramin ƙarfe. Sai ta ba ni filas ɗinta, ɗan abin nan da ake adana rubutun kwamfuta a ciki, ta ce in kai shagon kwamfuta da ke bayan ma'aikata a buga kwafi uku, da wani shafi ɗaya daban da za a sa a ambulan dabam, in kai wa masu aika saƙo.

Da aka buga, na tsaya ina jujjuya shafukan irin na wanda ya iya. Na duba gaba, na duba baya, babu sunan Injiniya. Na taɓa ganin wani akawu ya yi wata uku yana haɗa rahoto, aka cire sunansa aka sa na wani babba, ya yi ritaya yana cizon yatsa. Nan take na yanke hukunci cewa an yi wa marainiyar Allah wayo, ita kuma kunya ta hana ta magana. Wancan shafi ɗaya na ambulan ko kallonsa ban yi ba, alhali a nan sunan yake.

Mai shagon wata 'yar Filato ce mai kaifin ido. Na ce ta sa sunan a saman kowane shafi, da manyan baƙaƙe masu kauri.

“Baba, Madam bai ce a sa ba,” in ji ta. “Irin wannan takarda haka ake aika shi.”

“Ni da ke wa ya daɗe a aikin gwamnati?”

“Kai ka daɗe da ɗauka, ni na daɗe da bugawa.”

Sai na yi ƙarya na ce Injiniya ce ta aiko ni da gyaran. Ta ɗaga kafaɗa ta sa. Har na sa ta ƙara Hajiya a gaba, ko da yake yarinyar ba ta je Makka ba tukuna. Na aika ukun, na riƙe wani kwafi da na sa aka ƙara don a yaba min.

Washegari na shimfiɗa shi a kan teburinta ina jiran godiya. Ta duba shafi na farko, ta duba na biyu, ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce in zauna, ta yi min bayani kamar mai koya wa jika alwala. Masanan da za su auna takardar ba a so su san mai ita: mace ce ko namiji, daga ina take, 'yar waye ce. Takardar da ta zo da suna a jiki ko karanta ta ba a yi, mayar da ita ake. Sannan ta faɗi abin da ban sani ba duk zamanmu. Mahaifinta mutum ne da ake miƙewa in an ji sunansa.

“Baba,” ta ce, “wannan ne wuri ɗaya da ba za su san ko 'yar waye ce ni ba. Shi na fi so a duk ƙa'idojin.”

Marainiyar da na je ceto ke nan.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Gyaran nawa ya hau kan na asali a filas, kuma ƙaton sunan ya ture komai ƙasa: jadawali ya rabu gida biyu, hoto ya bar sunansa a wani shafi. Ta ɗauki rularta muka koma shagon. Daga hantsi har la'asar suna zaune ita da 'yar Filato suna mayar da kowane abu mazauninsa, ni ina bakin ƙofa ina kore ƙudan da babu su. Mai shagon ba ta ce ai na faɗa maka ba. Kallona kawai take yi lokaci lokaci, wanda ya fi.

Saura tsohon ƙunshin da ya riga ya tafi. Nan ne kaɗai na yi amfani. Ranar Juma'a da sassafe na shiga mota a Zuba da sabon ƙunshi a cikin riga. Da na isa jami'ar ban nemi farfesa ba, na nemi masinjan ofishin, domin na san inda takardu ke kwana kafin su ga manya. Dattijo ne kamata. Na gaya masa gaskiya tsirararta. Ya yi dariya har ya riƙe bango, sannan ya kai ni wajen sakatare, aka tono nawa a cikin tarin da ba a buɗe ba, aka karɓi sabon aka buga masa hatimi ana kiran sallar Juma'a.

Bayan watanni takardar ta dawo da jan biro kaca kaca, masanan ba su raga mata ba ko kaɗan. Ni na ji haushi, ita kuwa ranar har tsire ta saya wa ofis. Ta gyara, ta mayar, aka buga, aka ƙara mata girma.

Da mujallar ta iso ta kira ni ta nuna min. Sunan na nan sau ɗaya tak, a ƙarƙashin kan magana, ɗan mitsitsi, babu Hajiya, babu ma Injiniya. Na ce duk wannan wahalar a kan abin da ƙuda zai iya rufewa?

Ta ce, “Baba, takardu nawa ka kai inda za su tun da ka fara aiki? A wacce aka sa sunanka? Kuma duk sun isa.”

Na ce bari in duba ko ruwan shayi ya tafasa.