Magen da aka ba da aro

Shekarun baya, ban daɗe da fara aikin binciken taurari ba, ina da maguna biyu, fara da baƙa. Mutane suna zaton kwana nake ina kallon sama, alhali yawancin aikin zama ne gaban kwamfuta da rana tsaka, farar tana kwance a kan takarduna, baƙar tana kan cinyata. Baƙar ce 'yar gaban goshina. Tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan ofis, da sirinji na riƙa ba ta madara.

Sai aka tura ni wata ƙasa na wata uku, inda babban madubin hangen taurari yake a kan dutse. Na kwashe magunan na kai wa mahaifiyata a Sabon Birni, da katan na abincin gwangwani da dokoki cike da takarda: kada su fita, kada a ba su ƙashi. Ta saurare ni tsaf, ta ce to. Duk wayar da na bugo kuma sai ta ce suna lafiya lau, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da na dawo farar ce kaɗai ta tare ni, ta yi ƙiba kamar tulu. Na tambayi baƙar. Mahaifiyata ta ce ai kawuna ya zo daga Unguwar Lalle bayan ya kai geronsa rumbu, yana kukan ɓeraye za su cinye masa abincin shekara. A wajenmu aron mage kamar aron turmi ne, ba a neman izinin kowa. Ya sa ta a buhu don kada ta gane hanya, ya ɗaure a bayan babur. Da na ji zancen buhun nan raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin tuwo.

Washegari na hau babur rungume da kejinta. Kawu ya yi mini maraba, ya kai ni gindin rumbun.

"Ɗiyata, tun da mussag ga taz zo, kusu bai ƙara taɓa min hatsi ba," in ji shi. "Amma taki ta. In za ki da ita, ga ta nan."

Na durƙusa na kira ta. Ta fito daga ƙarƙashin rumbun, ta ɗan rame amma gashinta sai sheƙi yake. Ta gane ni, ta goga jikinta a ƙafata, har na ji hawaye. Sai wani abu ya yi motsi a cikin kara. Nan take ta juya ta lafe a ƙasa, ta kafa wa wurin ido, ta manta da ni. Na san wannan kallon, irinsa nake yi wa kwamfuta har abinci ya huce. Na buɗe kejin na zauna har la'asar, ko leƙa shi ba ta yi ba. Ina iya kama ta da ƙarfi, amma na dubi rumbun, na dubi kawu, na kasa.

Na koma gida da keji fayau ina ta mita, wai na raine ta ta zaɓi ɓeraye. Mahaifiyata tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce:

"Ni ma ban so tahiyakki ba. Na ga can aikinki yake, shi as sa nib bakki."

Tun da na fara yawon aiki, ban taɓa tambayar yadda gidan yake mata in na ɗauki jaka ba.

Baƙar ta tsufa a Unguwar Lalle, kuma duk kaka kawu yakan aiko da damin gero, wai rabonta ne. Har yau ina kewarta in na zauna aiki cinyata ba kowa. Amma yanzu duk tafiyar da za ni, sai na fara biyawa Sabon Birni na kwana biyu, ko da babu magen da zan ajiye.