Ni'ima ɗiyar Mariya mai kankana a bakin raga

Duk wanda ya san kasuwar Lolo ya san Mariya mai kankana, don muryarta tana riga ta isa bakin gulbi. Abin mamaki, wannan mata ce ta haifi Ni'ima, yarinyar da in ka gaishe ta sai ta amsa wa yatsun ƙafarta. Uwar ta kwashe maganar gidan duka, ba ta rage wa ɗiyar ko ta sayen gishiri ba.

Amma Allah bai bar Ni'ima haka nan ba, ya ba ta hannu. Tun tana shekara tara take tsayawa a gaɓa ranar kasuwa, masu jirgin da suka zo daga tsallaken Benin suna jefo kankana, tana cafewa, ta sunkuya ta ajiye a hankali, ta miƙe ta jira ta gaba. Sai ta sauke jirgi guda ko ɗaya ba ta fashe ba.

Da aka kai ta sakandaren 'yan mata ta kwana a Bagudo, sai ta zama kamar turmin da aka jingine a bayan ɗaki. Hausarta da ɗanɗanon harshen Dendi, sau ɗaya ta yi tambaya a aji aka kwaikwaye ta, daga nan ta rufe baki. Kullum bayan la'asar tana zama gindin dalbejiya tana kallon 'yan ƙwallo, ba don ƙwallon ba, sai don yadda suke kiran sunan juna suna zagin juna suna dariya. Ita ba wanda ya taɓa ko zaginta.

Saura kwana biyar a kara da wata makaranta daga Kamba, golar makarantar su Ni'ima ta gurɗe hannu. A ranar wata ƙwallo ta kuɓuce ta nufi fuskar Malama Olufunke, malamar wasanni, Bayarabiyar da ta fi mu iya cin ƙosai da yaji. Ni'ima ta miƙa hannu ta ɗauke ta a sama, ko ƙara ba a ji ba. Malama ta dube ta, ta dubi hannun, ta ce gobe ta zo da wando. Ta kuma gaya mata gaskiya, aron ta aka yi, in mai raga ta warke sai a ga wadda ta fi.

Kwana huɗu ana horo. Malama tana zazzage buhun ƙwallaye tana bugawa ɗaya bayan ɗaya, Ni'ima tana kamawa tana jerawa a gefe reras. Malama har yabon tsarinta take yi. Kowa ya ɗauka ta san sauran aikin gola, ita kuma kunya ta hana ta tambaya.

Ranar wasa, ba a yi minti goma ba wata doguwar 'yar Kamba ta saki ƙwallo kamar da gayya. Ni'ima ta tashi ta cafe, fili ya ɗauki tafi. Sai baiwar Allah ta sunkuya, ta ajiye ƙwallon a ƙasa cikin ladabi, ta miƙe tana jiran ta gaba. Doguwar ma sai da ta ɗan tsaya, don ba ta taɓa ganin irin wannan karamci ba, sannan ta tura ta raga. Har alƙalin wasa ya kasa hura usur don dariya.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Ni'ima ta cire safar hannu ta miƙa wa kyaftin Asama'u, idonta a ƙasa. Asama'u ta ƙi karɓa.

"Ke wagga, mai da abinki. Kamu kin iya shi, rabo ne kinka yi ba a roƙe ki ba. In kin kama ki rungume, sai kin ji na kira ki jeho mini. Kin ji, sakarya?"

Sakaryar nan ta yi wa Ni'ima daɗi har cikin ƙashi.

Aka koma. Ta kama bakwai, kowace ta ƙanƙame ta kamar za a ƙwace mata zane. A ta takwas Asama'u ta ɗaga hannu daga tsakiyar fili, Ni'ima ta lilo ƙwallon daga ƙasa, irin jifan masu jirgi, ta sauka daidai gaban ƙafarta. Asama'u ta zura da gudu ta farke. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Bayan mako biyu tsohuwar gola ta kwance bandeji ta dawo. Malama ta tara su, ta fara dogon bayani kan adalci. Ba ta kai tsakiya ba aka ji wata murya daga baya, da Dendinta da komai.

"Malama, a gwada mu. Amma ragag ga ban barin ta."

Aka juya ana neman mai magana, ashe Ni'ima ce. Aka gwada su, bugu goma goma, Ni'ima ta riƙe tara.

Yanzu tana aji shida. 'Yan wasan bayanta sun kai ƙara wurin Malama sau biyu, wai tsawarta tana sa su ciwon kai.