Ƙugun Yallaɓai da Tef ɗin Baba Tela

Ƙugun Yallaɓai bai ƙaru ba tun yana saurayi. Magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa ya faɗa, kuma mutanen da ke raka shi ko'ina sun shaida. Ɗayansu ma ya rantse raguwa yake yi.

Wannan aikin nasu shi ake kira bambaɗanci: yabon da mai yinsa bai yarda da shi ba, mai jinsa kuma ba ya so a bincika. Ya fi ƙarya ƙarfin hali, don ita takan ji kunya idan aka kama ta.

Baba Tela, wanda ya rufe kekensa kwanan nan saboda ido ya yi rauni, shi ya daɗe yana ɗinka wa wannan ƙugu wando. Kullum da safe yakan share shago, ya ɗiga wa keke mai, ya rataya tef a wuya, ya zauna inda hasken ƙofa ke faɗowa. Ranar da Yallaɓai ya zo awo, 'yan rakiya su cika benci.

"Ranka ya daɗe, wannan jiki ai samarin yanzu sai dai kallo."

Baba Tela kuwa abin da yake cewa bai wuce "Ɗaga hannu" ba. Bai taya ba, bai ƙaryata ba. Abin da ya gani shi yake aunawa, ya yanka yadi daidai da shi. Wando ya zauna ɗas, 'yan rakiya su ce ai ga shaida nan.

Bara sai bakin wandon Yallaɓai da Baba Tela ya buɗa kwanan baya ya sake matsewa. Baba ya durƙusa, ya danna ƙafar Yallaɓai da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya san ɗinkin gidan Yallaɓai, da na masu kwaikwayon Yallaɓai, shi ke riƙe da shagon. Duk da haka ya ja shi bayan labule.

"Yallaɓai, wannan ba ƙiba ba ce. Haka ƙafar yayana ta yi kafin mu rasa shi. Ka je asibiti."

Labule ba ya tare murya. Kafin su fito an gama yanke hukunci a kan benci: tsufa ya kama Baba, tef ɗinsa ya lalace. Yallaɓai ya kwashe yadinsa, rabin masu kawo ɗinki a layin suka bi shi. Bayan nan ya tafi abin da aka sanar da sunan hutu. Matarsa ce ta biyo ta shagon daga baya, ta ce likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Baba Tela, kai ne ka auna mutum yadda Allah ya yi shi, ka kuma rufa masa asiri da yadi. Mun gode. Masu zama kusa da manya, ku koyi ko da rabin wannan, sauran rabin mun yafe muku.

Da maƙwabcin Baba Tela mai gyaran takalma ya matsa masa ya fito ya wanke sunansa, sai ya ci gaba da naɗe zare.

"In na faɗa, Yallaɓai zai daina shan maganinsa don ya nuna ƙarya nake. Bar shi kawai. Tef ɗin ne."