Shanun da suka riƙe mana Buba

"A cire Buba kawai," in ji kocinmu, muna zaune ƙarƙashin kwandon da maƙerin Ƙofa ya lanƙwasa mana da rodi. Ƙarshen shekarun tamanin ne, kaka ta yi, ana tace 'yan ƙwallon kwando kafin gasar rani.

Buba ɗan rugar bayan gari ne. Duk cikinmu babu mai saitinsa, amma da an gama girbi yakan bi shanunsu kudu, sai damina. Koci har ya samo wani dogo daga Kano.

Ni ne kyaftin, kuma abin ya ƙona min rai. Na hau keke sai ruga, wajen mahaifinsa.

"Baffa, a bar mana Buba bana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ba Buba ke son tafiya ba, shanu ne. Me za su ci a nan? Ƙwallo?"

Na dawo na tara 'yan wasa. Kowa ya roƙi babansa kada a kwashe kara da harawar gonarsu, a bar wa shanun. Haka shanun Baffa suka yi rani a gonakinmu, yau nan gobe can.

A wasan ƙarshe da Tudun Wada, Buba ne ya jefa ƙwallon da ta ba mu kofi, dogon Kano yana benci yana tafi.

Da damina masararmu ta sha takin shanun ta yi kore shar. Babana, mai cewa wasan banza muke, shi ya fara tambayata ko Buba na nan baɗi.

Ku fa, wa kuka taɓa riƙewa ranar da kowa ya ce a sallame shi?