Murfin Tanki

Ranar wata Laraba ce Malam Iliyasu ya yi wa ɗansa Khalilu ganin ƙarshe. Da asuba sun yi salla a sahu ɗaya. Da hantsi Khalilu ya sha koko a tsaye, yana tsokanar matarsa Safara'u wai ta fara auna gero da cokali. Bayan azahar ya ɗaure buhun albasa a babur. Kafin magariba aka kawo gawarsa daga hanyar Makoda.

Khalilu manomin rani ne, mai sakin hannu. Ko a shekarun nan da kwanon gero ya gagari magidanta, ba a zuwa aro ƙofarsa a koma hannu rabbana. Sai dai yana da wata ɗabi'a: ba ya ba da abu dukansa. In ka ari keke, sai ya kwance ƙararrawar. In rediyo ce, ya zare murfin batir. In wuƙa ce, kube ya kwana a gida. Yakan jefa su a wani kwando bayan ƙofa. Da ya leƙa kwandon ya san abin da ke waje.

"Kai dai da za a ari wandonka, sai ka zare mazagi," in ji Sabo, amininsa tun suna yara.

"To ai ka fi saurin dawo min da shi," in ji Khalilu.

A wurin jana'iza liman ya roƙi duk mai riƙe da kayan mamaci ya kawo, don haƙƙin marainiya ne. Keke ya dawo, wuƙa ta dawo. Bayan sadakar bakwai Malam Iliyasu ya juye kwandon. Saura murfin batir, da jan murfin tankin injin ban ruwa. Injin nan shi ke ciyar da Safara'u da 'yarta Luba, ga rani ya kama. Kwando ya san abin da ya fita, amma bai san hannun da ya karɓa ba.

"Daga ƙofar gida aka yi sallama ya miƙa, Baba," in ji Safara'u, kanta a sunkuye. "Ban ji muryar sosai ba."

Malam ya sa jan murfin a aljihu. Tun daga ranar ya daina kallon fuskokin masu yi masa ta'aziyya, ya koma kallon kayansu. Duk rediyon da ya gani a majalisa sai ya ga bayanta ɗaure da roba. Wanda ya daɗe yana gaishe shi, ya zarge shi. Wanda ya gaisa a gurguje, ya fi zarginsa.

Ya shiga zaga fadama kamar mai miƙe ƙafa. A lambun Sabo ya tarar da inji yana aiki, an toshe bakin tankin da totuwar masara.

"Sabo, ina murfin?"

"Ya faɗa rijiya, Baba. Injin a Dawanau na saya, na hannu ne."

Malam ya kashe injin, ya zare totuwar, ya murɗa jan murfin. Murfin ya zauna daram.

Sabo ya yi wata 'yar dariya. "Baba, ai duk injin irin wannan murfinsu ɗaya ne."

Gaskiya ya faɗa, Malam kuma ya san haka. Ya daɗe yana duban yaron da suka ci tuwo a kwano ɗaya da ɗansa.

"Bar shi a kai, kada ƙasa ta shiga man," ya ce. "Na Khalilu ne." Ya juya, bai fayyace ko murfin yake nufi ko injin ba.

Ranar Juma'a da safe aka wayi gari da inji a zaure, an wanke shi tas. Ba wanda ya yi sallama. Malam ya buɗe tankin, babu ko ɗigon mai. Khalilu kuwa bai taɓa ba da inji aro ba sai da ya cika shi.

Da aka zo rabon gado, injin ya faɗa kason Luba. Ƙanin Safara'u ke ban ruwa da shi ana raba amfanin. Keke da wuƙa aka sayar. Rediyo ba ta dawo ba. Mai rabo ya ce murfin batir ba ya shiga gado, sai Malam ya ɗauka. Yana aljihunsa har yau, kuma in ya zauna a majalisa, bayan rediyo yake fara duba.