Baba Mwadkon Ya Ajiye Usur

Kowace Asabar, tun sanyin safe bai saki gari ba, Baba Mwadkon Dachung kan bar rumfarsa ta kafinta a Katako a kulle, ya saɓa jaka ya nufi filin ƙwallon bayan wata firamare a Gada Biyu. Kafin kowa ya iso zai zaga filin yana tsince duwatsu da fasassun kwalabe. In 'yan wasa sun yi layi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa haƙoran takalmansu da tafin hannu. Wanda ya wasa nasa suka yi kaifi, ya koma benci. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana alƙalancin wasan yara. Makon jiya ya ajiye usur, gwiwa ta ƙi.

Kafin a shiga kakar wasa akan yi gasar share fage, kuma a nan kociyoyinmu ke da wata al'ada da har gobe ban ga hikimarta ba. Sai a kwashi yara 'yan sha huɗu a haɗa su da 'yan sha tara, wai don su yi ƙwari. Sha taran ma a takarda take, wani kana ganin gemunsa ka san ya ba ashirin baya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan aka haɗa irin wannan wasa, ina bakin filin. Baba Mwadkon ya dubi layin ƙanana, ya dubi na manya, ya kira Datong, kocin ƙananan.

“Koci, waɗannan ba sa'o'insu ba ne. Ni ba zan busa wannan wasa ba.”

“Haba oga, bar su su sha wuya,” in ji Datong. “Haka ne za su yi ƙarfi. Mu ma haka aka yi mana.”

Baba Mwadkon ya cusa usur a aljihu ya tafi gida. Mun tafa masa, har da ni, muka ce ga mutum mai aƙida. Amma ba a fasa wasan ba. Wani ɗan kallo aka miƙa wa usur.

Akwai wani yaro a cikin ƙananan, Kosiso, ɗan shekara sha uku, siriri, mai yanka da ƙafar hagu. Sau biyu ya zubar da wani ƙaton mai tsaron baya, fili ya kaure da ihu. A na uku ƙaton bai nemi ƙwallo ba. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙashin bai ɗoru daidai ba. Yau Kosiso magidanci ne, yana jan ƙafar.

Washegari Baba Mwadkon ya je asibiti dubiya. Uwar yaron, Nneamaka, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

“Baba, duk filin nan kai kaɗai ka san abin ba kyau,” in ji ta. “To me ya sa ka tafi ka bar min yaro a wurin?”

Daga baya ya gaya mini, “Na yi gaskiya ranar nan. Amma gaskiyata tana gida tana shan shayi lokacin da ƙafar yaro ta karye.”

Daga ranar bai sake barin fili ba. Duk shekara sai ya je wurin masu shirya gasa ya ce a daina wannan haɗi, su gyaɗa kai, su liƙa jadawalinsu yadda yake. Shi kuwa sai ya nemi a ba shi wasan da ya fi muni. Babba ya ɗaga ƙafa a kan ƙarami sau ɗaya, jan kati ne, ko da a minti na biyu. A Bukuru an taɓa jifansa da dutse aka fasa masa gira, ya ɗaure da hankici ya ƙarasa wasan. Yaron da ba shi da abin kare ƙwauri, Baba zai yanka masa kwali ya cusa a safa. Duk da haka an karya hannu biyu a gabansa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Baba, kai ne katangar ƙanana. Kai ne ka sha zagin yaran da ka haifi irinsu, ka koma gida da murya a dushe, ba lambar yabo, ba ko hoto a bango. Ba mu san ƙafa nawa ka tsirar ba, don ƙafar da ba ta karye ba ba ta da labari. Mun gode, mu da muka tafa maka ranar da ka tafi, muka yi shiru duk shekarun da ka tsaya. Wannan yana ci mini rai. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa.

An riga an liƙa jadawalin bana, kuma haɗin yana nan. Iyaye, ku daina turo yara ku zauna a shago, ku zo bakin fili ku buɗe baki. Wanda kuma zai karɓi usur ɗin nan, ya sani za a zage shi, wataƙila a jefe shi. Ya yi fushi iya son ransa, amma ya yi shi a tsakiyar fili, inda yaran suke.